EDUARD BUCHNER (1860–1917): MASANIN DA YA TATSO SIRRIN YISTI

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa ƙullun waina ko fanke, ko ya leƙa gidan burodi, ya san aikin yisti. Akan kwaɓa ƙullu a zuba masa yisti da ɗan sukari, a rufe a ajiye a wuri mai ɗumi, bayan ɗan lokaci sai a tarar ya tashi yana kumfa. Abin da ke faruwa shi ne, yisti yana juyar da sukari zuwa barasa da iskar kabon. Iskar ce take kumbura ƙullu, ita kuwa barasar zafin wuta ke korar mafi yawanta wajen gashi ko suya. Wannan aiki shi ake kira tsimuwa. Ɗan'adam ya yi dubban shekaru yana cin moriyarsa ba tare da ya san yadda yake aukuwa ba, kuma ko da masana kimiyya suka dukufa a kansa a ƙarni na 19, sai da suka shafe kusan shekara 60 suna sa-in-sa.

Mutumin da ya raba wannan gardama shi ne Eduard Buchner, wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Jamus. Wannan babi zai kawo tarihin rayuwarsa, da gwagwarmayar da ya sha wajen neman ilmi, da gwajin da ya fito da sunansa, sannan ya nuna yadda hanyar da ya share ta kai masana ga fahimtar yadda ƙwayar yisti take kwafar sinadarin gadonta, wato DNA.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Eduard Buchner a ranar 20 ga watan Mayu na shekarar 1860 a birnin Munik, hedikwatar masarautar Bavariya da ke kudancin Jamus. Mahaifinsa, Ernst Buchner, likita ne kuma malami a Jami'ar Munik, inda yake koyar da fannin likitanci da ya shafi binciken shari'a. Sunan mahaifiyarsa Friederike. Gidansu gidan ilmi ne, domin yayansa Hans, wanda ya girme shi da shekara 10, shi ma likitanci ya karanta, ya kuma zama sananne a fagen nazarin ƙwayoyin cuta da yadda jini yake yaƙar su.

A shekarar 1872, lokacin Eduard yana ɗan kimanin shekara 12, mahaifinsa ya rasu. Wannan rashi ya girgiza gidan, ya kuma taɓa abin hannunsu. Babban wa uba, in ji masu iya magana, don haka Hans ne ya ɗauki nauyin lura da tarbiyyar ƙanensa da karatunsa. Zumuncin da ke tsakanin waɗannan 'yan'uwa biyu bai tsaya a harkar gida kawai ba. Kamar yadda za a gani a gaba, babban aikin da aka san Eduard da shi a ɗakin gwaje-gwajen yayansa aka yi shi.

3.0 Neman Ilminsa

Bayan da ya kammala sakandare, Buchner ya shiga Kwalejin Fasaha ta Munik, inda ya fara koyon kimiyyar sinadarai a hannun Emil Erlenmeyer. Sai dai bai yi nisa ba rashin kuɗi ya tilasta masa ajiye karatu. Ya kama aiki a wata masana'antar adana abinci a gwangwani, ya yi kimanin shekara huɗu a can. A ido wannan koma baya ne, amma a wannan masana'anta ce ya fara fuskantar matsalar da ta zame masa abin nazari har ƙarshen rayuwarsa, wato dalilin da ke sa abinci ya yi tsami ko ya ruɓe, da irin rawar da ƙananan halittu ke takawa a ciki.

A shekarar 1884, da taimakon yayansa, ya koma karatu a Jami'ar Munik. Ya karanci kimiyyar sinadarai a wurin Adolf von Baeyer, masanin da ya yi fice wajen haɗa shuni a ɗakin gwaji, irin launin da marina ke samu daga baba. Ya kuma karanci ilmin tsirrai a cibiyar da Carl von Nägeli ke shugabanta. Haɗa waɗannan fannoni biyu ya ba shi abin da yawancin takwarorinsa ba su da shi: ya san sinadarai, ya kuma san halin ƙananan halittu masu rai. Maƙalarsa ta farko, wadda ta fito a 1885, ta yi magana ne a kan tasirin iskar shaƙa a kan tsimuwa.

A wannan lokaci ne ya ƙulla abota da Theodor Curtius, wanda ya girme shi da 'yan shekaru. Sun yi aiki tare a kan wasu sinadarai masu ɗauke da naitirojin, kuma har yau akwai wata hanyar sarrafa sinadarai da ake kira da sunan Buchner a littattafan wannan fanni. Ya sami digirin digirgir a 1888, ya zama mataimaki a ɗakin gwajin Baeyer, sannan ya sami shaidar cancantar koyarwa a jami'a a 1891.

4.0 Taƙaddamar Masana a kan Yisti

Ba za a fahimci girman aikin Buchner ba sai an san rikicin da ya tarar. A wajajen 1837, masana uku, Cagniard de la Tour a Faransa da Theodor Schwann da Friedrich Kützing a Jamus, kowanensu a nasa ɓangaren, suka duba yisti da madubin ƙara girma suka bayyana cewa halitta ce mai rai, tana tsiro tana hayayyafa. Manyan masana sinadarai na zamanin, musamman Justus von Liebig, ba su amince ba. A ganin Liebig, tsimuwa sauyi ne na sinadarai tsantsa, wanda ruɓewar wani abu ke haddasawa a jikin sukari, kuma babu ruwan rai a ciki.

Daga 1857 zuwa 1860, Louis Pasteur na Faransa ya gudanar da gwaje-gwaje masu tsauri da suka nuna cewa tsimuwar barasa tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da rayuwar yisti da hayayyafarsa. Matsayinsa shi ne, in babu rayayyar ƙwayar yisti, to babu tsimuwa. Akwai kuma ra'ayi na uku, na Moritz Traube, wanda tun a 1858 ya ce lallai akwai wasu sinadarai a cikin ƙwayar waɗanda su ne ke yin aikin. Matsalar ita ce babu wanda ya iya fito da su a gani.

A zamanin an riga an san wasu sinadarai da ke narkar da abinci ba tare da rayayyar ƙwaya ba, kamar wanda ke cikin tumbi yana narka nama. Don a bambanta su da rayayyun halittu irin su yisti, sai Wilhelm Kühne ya raɗa musu suna inzayim a ƙarshen shekarun 1870. Kalmar daga harshen Girka aka ƙirƙiro ta, kuma ma'anarta ta asali ita ce abin da ke cikin yisti. Duk da haka, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne cewa inzayim ƙananan ayyuka kawai yake iya yi, amma babban aiki irin juyar da sukari zuwa barasa sai rayayyar ƙwaya sukutum. Ma'anar wannan ra'ayi kuwa ita ce, muhimman ayyukan da ke gudana a cikin halitta sun fi ƙarfin bincike, domin da zarar an fasa ƙwaya don a duba cikinta, abin da ake nema ya tafi. Liebig ya rasu a 1873, Pasteur kuma a 1895, ba tare da an warware wannan ƙulli ba.

5.0 Gwajin da ya Fito da Sunansa

Tun a 1893 Buchner ya fara gwada fasa ƙwayoyin yisti ta hanyar niƙa su da yashi. Magabatansa a ɗakin gwaji suka ga cewa ɓata lokaci ne, tunda wasu sun gwada a baya ba su cim ma komai ba, saboda haka aikin ya tsaya har shekara uku. A ƙarshen 1893 ya koma Jami'ar Kiel wurin abokinsa Curtius, inda ya zama farfesa a 1895, daga nan kuma ya koma Jami'ar Tubingen a 1896.

A wannan tsakani Hans ya zama shugaban Cibiyar Nazarin Tsafta ta Munik. Shi buƙatarsa ita ce ya tatso ruwan da ke cikin ƙananan halittu don ya gwada ko zai yi amfani a matsayin magani. Mataimakinsa, Martin Hahn, ya inganta dabarar niƙan ta hanyar haɗa yashi da wata farar ƙasa mai laushi wadda asalinta ɓawon ƙananan halittun ruwa ne, sannan a matse abin da aka niƙa da injin matsa mai ƙarfi. Ruwan da aka samu yana saurin lalacewa, kuma ba a so a zuba masa magungunan kashe ƙwayoyi tunda dabbobi za a yi wa gwaji da shi. Don haka sai aka koma ga dabarar masu adana 'ya'yan itace, aka zuba masa sukari mai yawa.

Da Eduard ya zo Munik hutu a kakar 1896, sai ya lura cewa ruwan da aka zuba wa sukari yana fitar da kumfa ba ƙaƙƙautawa. Mutumin da ya yi shekara 11 yana nazarin tsimuwa bai kasa gane abin da yake gani ba. Nan take ya dukufa a kan gwaji, kuma a watan Janairu na 1897 ya aika da maƙalarsa ga mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Jamus a kan tsimuwar barasa ba tare da ƙwayoyin yisti ba.

Yadda ya bayyana aikin shi ne kamar haka. Ana ɗaukar giram 1,000 na yisti a haɗa da giram 1,000 na yashi da giram 250 na farar ƙasar nan, a niƙa har ya zama kamar kwaɓaɓɓen yumɓu. Sai a ƙara ruwa kaɗan, a naɗe a ƙyalle mai ƙarfi, a matse a hankali har matsin ya kai ninki 400 zuwa 500 na matsin iskar da ke kewaye da mu. Bayan an maimaita niƙa da matsa, akan sami kimanin rabin lita na wani ruwa mai launin rawaya da ƙamshin yisti. Idan aka haɗa wannan ruwa da ruwan sukari, cikin kwata zuwa awa ɗaya sai iskar kabon ta fara fita, ta kuma ci gaba har kwanaki.

Buchner ya kafa hujjoji uku. Na farko, ya tace ruwan da matacin da ke tare ƙwayoyin yisti, amma aikin bai tsaya ba. Na biyu, ruwan yana tsima sukarin rake da sukarin inabi da makamantansu, amma ba ya taɓa sukarin madara, daidai da yadda irin wannan yistin yake yi yana raye. Na uku, idan aka dafa ruwan sai ya guda kamar farin ƙwai, ƙarfinsa ya tafi, wanda ya nuna cewa abin da ke yin aikin dangin furotin ne. Ya kira wannan abu zaimes.

6.0 Sukar da ya Sha da Yadda ya Kare Aikinsa

Wannan sakamako bai sami karɓuwa nan take ba. Wasu masana sun maimaita gwajin ba su sami komai ba, domin ƙarfin ruwan ya danganta da irin yistin da aka yi amfani da shi da kuma sabuntarsa. Wasu suka ce lallai akwai 'yan ƙwayoyin da suka kuɓuce wa matacin. Wasu kuma suka ce gutsattsarin rayayyen cikin ƙwayar ne ke ci gaba da motsi kafin su mutu. Ban da waɗannan, wata masaniya 'yar Rasha, Maria Manasseina, ta fito ta ce ita ta riga shi tun a farkon shekarun 1870. Buchner ya amsa da cewa hanyar da ta bi ba ta tabbatar da cewa babu sauran rayayyun halittu a cikin abin da ta gwada ba.

Buchner bai tsaya ga cacar baki ba. Shi da abokan aikinsa, musamman Rudolf Rapp, sun bi waɗannan zarge-zarge ɗaya bayan ɗaya da gwaji. Sun zuba wa ruwan magungunan da ke hana rayayyen yisti aiki, irin su kulorofom, amma tsimuwa ta ci gaba. Sun busar da ruwan ya zama gari, suka ajiye, suka sāke jiƙa shi, ya yi aiki. Sun kuma kashe yisti da sinadarin asiton ta yadda ba zai ƙara tsiro ba, amma ya ci gaba da juyar da sukari. Daga baya, tare da Jakob Meisenheimer, ya nuna cewa tsamin nono da na ruwan kal su ma aikin inzayim ne na wasu ƙwayoyin bakteriya, ko da an kashe su.

Da haka aka gane cewa kowane ɓangare na tsohuwar gardamar yana da rabin gaskiya. Pasteur ya yi daidai, domin rayayyar ƙwayar yisti ce kaɗai ke ƙera zaimes. Liebig da Traube su ma sun yi daidai, domin da zarar an ƙera shi, aikinsa aikin sinadari ne wanda zai gudana a cikin kwalba kamar yadda yake gudana a cikin ƙwaya.

7.0 Ɗaukakarsa da Iyalinsa

A 1898 aka naɗa Buchner shugaban sashen kimiyyar sinadarai a Kwalejin Aikin Gona ta Balin, inda ya sami wadatar kayan aiki da mataimaka. A 1900 ya auri Lotte Stahl, 'yar wani farfesan lissafi na Tubingen, kuma sun sami 'ya'ya. A 1902 yayansa Hans ya rasu yana da shekara 51, bai ga ƙarshen aikin da aka fara a cibiyarsa ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 1903, aka buga littafin da ya tattara sakamakon binciken zaimes, ɗauke da sunayen Eduard da Hans da Martin Hahn.

A 1907 aka ba Eduard Buchner lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai saboda bincikensa a kan sinadaran halitta da gano tsimuwa ba tare da ƙwaya ba. Malaminsa Baeyer, wanda a ɗakin gwajinsa ne aka taɓa dakatar da wannan aiki, ya riga shi samun irin wannan lamba da shekara biyu kacal. A 1909 Buchner ya koma Jami'ar Breslau, sannan a 1911 ya koma Jami'ar Wurzburg, wadda ita ce wurin aikinsa na ƙarshe.

8.0 Yaƙin Duniya na Ɗaya da Rasuwarsa

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Buchner yana da shekara 54. Shekarunsa da matsayinsa sun isa su sa ya zauna a jami'a, amma kishin ƙasa irin na zamanin, wanda ya ɗebi malaman jami'a da yawa a Turai, ya sa ya miƙa kansa ga aikin soja. Ya yi aiki a fagen daga har ya kai muƙamin manjo. A 1916 aka mayar da shi Wurzburg don ya ci gaba da koyarwa, amma a 1917 ya sāke komawa. A watan Agusta na wannan shekara ya sami mummunan rauni a fagen yaƙin Romaniya, ya kuma rasu bayan 'yan kwanaki, yana da shekara 57. Ɗakin gwajinsa ya rasa jagora a daidai lokacin da wasu masana suka fara tono abubuwan da ke ƙunshe a cikin ruwan da ya tatso.

9.0 Daga Ruwan Yisti zuwa Kwafar DNA

Babban gadon da Buchner ya bari shi ne hanyar aiki: a fasa ƙwaya, a tatso ruwanta, a nuna cewa aikin da ake nazari yana gudana a cikin kwalba, sannan a ware sinadaran da ke yin sa ɗaya bayan ɗaya. Tun a wajajen 1905 da 1906, Arthur Harden da William Young a Landan suka gano cewa ruwan yisti yana buƙatar gishirin fosfet, da kuma wani ƙaramin sinadari mai jure zafi da ke taimaka wa zaimes. Zuwa wajajen 1940 an tabbatar cewa zaimes ba abu guda ba ne. Jerin inzayim 12 ne, kowane yana karɓar aiki daga na gabansa yana miƙa wa na bayansa, kuma 10 daga cikin matakan iri ɗaya ne da waɗanda tsokar ɗan'adam ke bi wajen samun ƙarfi daga sukari.

Wannan hanya ce aka bi wajen warware wata tambaya da ta fi ta tsimuwa zurfi, wato yadda ƙwaya take kwafar bayanan gadonta kafin ta rabu biyu. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana cewa DNA kamar igiya ce mai zare biyu da aka tufke. Kowane zare jerin haruffa ne guda huɗu, A da T da G da C, kuma A kullum da T take haɗuwa, G kuma da C. Saboda haka idan aka warware igiyar, kowane zare zai zama abin koyi wajen saƙa abokin tafiyarsa. A 1956 Arthur Kornberg a Amurka ya tatso inzayim na farko mai saƙa DNA daga ruwan bakteriya, wanda ake kira folimares, ya kuma sami lambar Nobel a 1959.

Yisti ya fi bakteriya kusa da ɗan'adam, domin shi ma DNA ɗinsa a cikin cibiyar ƙwaya yake a killace. A 1996 aka kammala karanta dukan haruffan gadonsa, kimanin miliyan 12, a rarrabe cikin ƙunshi 16. Nazarin yisti ya nuna cewa kwafar waɗannan haruffa aikin gayya ne na inzayim da dama, kowane da siffar da ta dace da aikinsa.

Aikin yana farawa ne a ɗaruruwan wurare na musamman a jikin igiyar. Wani gungun furotin shida da ake kira ORC, wanda Stephen Bell da Bruce Stillman suka gano a yisti a 1992, shi ke zama a kan waɗannan wurare ya nuna inda za a fara. Da taimakonsa ake ɗora mawarwarin igiya, wato MCM, mai siffar zobe da aka haɗa da furotin shida. Ana ɗora shi ne a wani mataki na rayuwar ƙwaya, a kuma tayar da shi a wani mataki dabam, kuma da zarar an tayar ba a sāke ɗora sabo. Wannan tsari ne ke tabbatar da cewa an kwafi kowane sashe sau ɗaya tak. Idan aka tayar da zoben, sai ya zagaye zare ɗaya ya riƙa tafiya yana raba shi da ɗan'uwansa.

Masaƙan kuwa guda uku ne, ana kiran su da haruffan Girka. Masaƙin DNA ba ya iya fara sabon zare daga babu, sai an kafa masa tushe. Folimares alfa, tare da abokin aikinsa firaimes, shi ke kafa wannan ɗan gajeren tushe. Daga nan sai aiki ya rabu, domin zaruruwan biyu suna fuskantar juna ne kai da ƙafa, masaƙi kuwa fuska ɗaya kawai yake iya nufa. Folimares efsilon yana manne da mawarwari yana saƙa zare ɗaya ba yankewa. Folimares delta kuma yana saƙa ɗaya zaren guntu-guntu, kowane guntu galibi bai kai haruffa 200 ba. Ana kiran waɗannan guntaye da sunan Okazaki, mata da mijin nan 'yan Japan da suka gano irinsu a bakteriya a shekarun 1960. Wani zobe mai sassa uku, PCNA, yana riƙe masaƙi a jikin igiya don kada ya suɓuce, sannan wani inzayim mai suna laiges ya bi yana ɗinke guntayen. Bugu da ƙari, efsilon da delta suna da wani sashe a jikinsu mai gyaran kuskure, wanda ke cire harafin da aka sa ba daidai ba kafin a wuce.

A 2015 ƙungiyar John Diffley a Ingila ta ware abubuwa 16 na yisti masu ƙunshe da furotin 42, ta tsarkake su, ta haɗa su a cikin kwalba, suka kuma fara kwafar DNA ba tare da rayayyar ƙwaya ba. Wannan ya zo ne shekara 118 bayan maƙalar Buchner, da irin halittar da ya yi aiki da ita da kuma irin dabarar da ya kafa. Amfanin wannan ilmi ya wuce yisti, domin irin waɗannan inzayim su ne ke aiki a jikin ɗan'adam, kuma an gano cewa lalacewar sashen gyaran kuskure na efsilon tana da hannu a wasu nau'o'in ciwon daji na hanji da na mahaifa.

10.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Eduard Buchner ya tashi maraya, ya bar karatu saboda rashi, ya yi aikin masana'anta, sannan ya koma ya kai matsayin farfesa. An ga yadda magabatansa suka dakatar da bincikensa, da yadda ya komo kansa bayan shekara uku, da yadda sanin da ya tara ya ba shi damar gane ma'anar kumfar da ta bayyana a cikin ruwan da aka tanada don wata manufa dabam. An kuma ga cewa bai yi aikin shi kaɗai ba, domin cibiyar ta yayansa ce, dabarar matsar kuma ta Hahn ce, kuma da hujjar gwaji ya amsa wa masu sukarsa. Masana tarihin kimiyya da dama suna ɗaukar shekarar 1897 a matsayin mafarin fannin nazarin sinadaran halitta na zamani, fannin da a yau ake dogara da shi wajen haɗa magunguna da gwajin jini a asibitoci da binciken cututtukan gado.

Tambayoyi

1. Bayyana matsalolin da Buchner ya fuskanta wajen neman ilmi da rawar da yayansa ya taka a rayuwarsa.
2. Kwatanta ra'ayin Liebig da na Pasteur da na Traube game da tsimuwa.
3. Kawo hujjoji uku da Buchner ya kafa a maƙalarsa ta 1897.
4. Mene ne asalin kalmar inzayim, kuma wace dangantaka ke tsakanin ma'anarta da aikin Buchner?
5. Yi bayanin aikin kowane ɗaya daga cikin masaƙan DNA guda uku na yisti.